Zaman gefen garin Zariya: inda arahar take da inda take zurarewa

Duk wanda ya nemi gidan haya a Tudun Wada ko Gyallesu ko Samaru a 'yan shekarun nan ya san abin da dillali ke faɗa idan ya ji kuɗin da ke hannun mutum: “Malam, wannan kuɗin naka sai dai mu leƙa gaba.” Gaban da yake nufi shi ne sababbin unguwannin da suka yi wa Zariya ƙawanya: bayan Dakace a hanyar Jos, Dogarawa da Zabi ta wajen hanyar Kano, Bomo da hanyar Basawa a bayan Samaru, Danmagaji da kewayen Wusasa, sai Shika a hanyar Funtuwa. A can ne kuɗin ciki da falo na cikin gari kan iya kama wa mutum gida har da tsakar gidansa. A can ne kuma malamin firamare ko ɗan tireda ke sa ran wata rana shi ma ya mallaki fili. Arahar gaskiya ce, babu mai musu. Abin da ba a cika zama a lissafa ba shi ne, ba kowa take yi wa rana ba. Mutum biyu na iya haɗa katanga, suna biyan haya iri ɗaya, ɗaya ya samu sauƙi, ɗayan ya ƙare shekara da bashi a wuya.

Dalilin farko yana cikin yadda garin kansa ya ginu. Zariya ba ta da cibiya guda da kowa ke dosa da safe. Akwai Birni a cikin ganuwa, inda fadar Sarkin Zazzau take. Da Turawa suka zo, jirgin ƙasa ya iso a farkon ƙarni na 20, sai Sabon Gari ya tashi kusa da tasha, Tudun Wada kuma ta kafu a wajen ganuwa ta zama masaukin baƙi. Samaru ta taso ne a jikin gonar binciken aikin gona tun shekarun 1920, sannan ta bunƙasa da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 2005 asibitin koyarwa na jami'ar ya koma mazauninsa na Shika, ya ja ma'aikata da masu jinya da masu kemis da masu abinci suka bi shi. Ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan, ga cibiyar fasahar sufuri a hanyar Basawa, ga barikokin soja, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli a hanyar Kaduna. Tsakanin Birni da Samaru kaɗai ya haura kilomita 10.

Saboda haka idan an ce wuri gefen gari ne, sai a tambaya: gefe ga wa? Bomo nesa ce ga mai shago a kasuwar Birni, amma ga ma'aikacin jami'a mai keke ko babur, bakin ƙofa ce. Nas ɗin da ke aiki a Shika, idan ta zauna a Shika, ta fi wadda ke Tudun Wada kusa da aiki, kuma ta fi ta arahar haya. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a fara sawa, kuma shi aka fi tsallakewa: ba nisan gidanka da gari ba, nisansa da inda kake samun abinci, da makarantar yaranka, da gidan iyayenka.

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023 ana iya yi wa wannan lissafi sakaci a zauna lafiya, domin litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Da aka janye tallafi ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A ɗauki misali kawai: mutum yana kashe naira 1,000 a rana, zuwa da dawowa, acaɓa daga gida zuwa bakin titi, sannan bas ko keke napep zuwa wurin aiki. Kwana 22 na aiki sun ba da naira 22,000 a wata, wato 264,000 a shekara. Shi kaɗai ke nan, ba a sa yaro ko ɗaya a hanyar makaranta ba, ba a sa maiɗakinsa ta je awo ko gaisuwa ba. Ga wanda albashinsa ke kusa da mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa, naira 70,000, wannan ya kusa kashi ɗaya cikin uku na abin da yake karɓa. Haya sau ɗaya ake biya a shekara, shi ya sa take da zafi a rai, kowa ya san adadinta. Kuɗin mota kuwa kullum yake fita ɗari biyu, ɗari uku, ba a rubutawa, sai wata ya raba mutum ya rasa inda albashi ya shiga. A ganina mutane da yawa da suka gudu daga tsadar haya sun faɗa wa abin da ya fi ta ci, ba su ankara ba.

To me ya sa filin can yake da araha tun farko? Saboda ƙasa kawai ake sayar maka. Yawancin waɗannan unguwanni gonaki ne jiya-jiya. Mai gona ya rasu, magada suka ga raba kuɗi ya fi raba kunyoyin gona sauƙi, aka kira dillali da mai awo, aka ja igiya, aka yanka hamsin da ɗari, wani wurin ma hamsin da hamsin. Babu titi a cikin kuɗin, babu magudanar ruwa, babu bututu, babu turken wuta. Abubuwan da mazaunin Sabon Gari ya tarar an yi tun kafin a haife shi, duk da sun tsufa, kai ne za ka yi su da hannunka ko ka zauna babu su.

Ruwa ne ya fi cin mutane. Ƙarƙashin ƙasar Zariya dutse ne, wanda ya kalli Kufena ya ga samfurin abin da ke ƙasa. Ruwan da ake samu yana maƙale ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, shi ya sa maƙwabcinka zai haƙa rijiyar burtsatse ya samu ruwa, kai ka haƙa taku kaɗan daga tasa ka tashi da ƙura da asarar kuɗi. Rijiyar hannu kuwa tana yi da damina da farkon kaka, amma daga Maris zuwa Afrilu sai guga ya riƙa dawowa da laka. Gwamnatin jiha ta ƙaddamar da sabuwar matatar ruwa mai iya tace lita miliyan 150 a rana a 2017, bayan shekaru ana jiran aikin ruwan Zariya. Sai dai matata daban, bututun da zai kawo ruwa ƙofar gidanka daban, unguwar da aka yanka bara kuwa ba ta cikin taswirar da aka shimfiɗa bututu a kai. Sai a koma ga mai kura. Ka gan shi da hantsi ya jingina ƙirji da kurar, jarkoki cike, yana turawa a layin da ba a taɓa zuba wa tsakuwa ba, taya ɗaya ta nutse a rairayi, yara biyu sun kama masa. Idan ya iso ya ce jarka ta ƙara kuɗi, gaskiyarsa ce: mai burtsatsen da ya saya a wurinsa da janareta ya jawo ruwan, janaretan kuma fetur yake sha. Gidan da ke da yara biyar da wanki da girki, a lissafa jarka nawa za su sha kafin magariba.

Akwai wani abu game da ruwan da ya fi tsadarsa damuna. A fili hamsin da hamsin, rijiya da masai ba su da inda za su nisanci juna. Ko ka nisanta naka, na maƙwabcinka yana bayan katangarka daidai saitin rijiyarka, domin ba wanda ya tsara inda kowa zai haƙa. Da damina ruwan ƙasa ya taso, sai a ga taifod da gudawa suna zagaya layi. Kuɗin asibitin nan ma cikin kuɗin gidan yake, ko da yake ba wanda ke sa shi a lissafi.

Wuta kuwa labarinta kusan ɗaya ne a duk sababbin unguwanni. Bayan sallar isha'i a tsaya a ƙofar masallaci, wani dattijo ya ce, “Jama'a, don Allah a ɗan dakata, akwai magana.” A buɗe littafi, a yanka wa kowane gida abin da zai kawo na turaku da waya. Bayan wata shida a sake tsayawa, wannan karon taransifoma ce ta ƙone saboda an yi mata lodi fiye da kima. Tun da aka raba masu amfani da wuta rukuni-rukuni, rukunin A da aka ce zai riƙa samun aƙalla awa 20 a rana shi aka ɗaga wa farashi zuwa naira 225 kowane ma'auni a Afrilun 2024. Yawancin unguwannin gefe suna ƙananan rukunai, kuɗinsu da sauƙi, wutar ce ba ta zama. Ga ma'aikacin ofis wannan takura ce kawai, ya sayi ƙaramar sola ya kunna fanka da fitila. Ga tela ko mai walda ko matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo, jarinsu ne ke narkewa.

Hanya ba sai an tsawaita ba. Mai yanka fili kowane taku kuɗi ne a wurinsa, don haka layin da zai bari da ƙyar mota biyu su gifta. Shawarar da tsofaffin magina ke bayarwa ita ce gaskiya: kada ka sayi fili da rani. Je ka gan shi a watan Agusta, bayan an kwana ana ruwa. Filin da ya fi kowane araha sau da yawa tsohuwar fadama ce ko hanyar ruwan da ke gangarawa Kubanni ko Galma, kuma ruwa ba ya manta hanyarsa don an yi gini a kai.

Sai takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amana ga jama'a. Takardar cinikin da aka rubuta gaban mai unguwa da shaidu tana da amfaninta, tana nuna ka saya, ka biya, wane da wane sun gani. Amma ba ita ce shaidar mallaka ba. Wannan a Jihar Kaduna hukumar kula da filaye ta KADGIS ke bayarwa, izinin gini kuma a wurin hukumar tsara birane ta KASUPDA ake nema. Mutane na gudun zuwa saboda kuɗi da zirga-zirga, na kuma fahimci dalilinsu, amma Zariya gari ne da makarantu da cibiyoyin gwamnati da barikoki suka riƙe manyan filaye, wasu ba a katange su ba shekara da shekaru. Fili na iya zama shekara 20 ana noma shi, kowa na kiransa gonar wane, alhali a taswira yana cikin iyakar wata cibiya. Rusau ɗin da aka yi a unguwar Graceland a 2021, kan rikicin fili da kwalejin jiragen sama, ya isa ya sa duk mai shirin sayen fili ya fara binciken asalinsa kafin ya taya. A ƙara da fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu, da gonar gado da wani ɗa ya sayar ba da sanin 'yan'uwansa mata ba, sai an kai linta su bayyana da sammaci.

Maganar tsaro ma dole a yi ta. A Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga kwalejin Nuhu Bamalli da dare suka sace ɗalibai da malamai, a watan Yuli kuma suka afka wa cibiyar tarin fuka da kuturta da ke Saye. Duka biyun a bakin gari suke. Wanda gidansa ne na ƙarshe kafin gonaki ya san abin da ya ji a ransa a wancan lokaci. Shi ya sa kusan kowace sabuwar unguwa tana da 'yan sintiri da kuɗin wata da ake tara musu. Wani abin kuma, rashin tsaron ne ya ƙara cika waɗannan unguwanni, domin iyalai da yawa da suka baro ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari a gefen Zariya suka sami inda za su raɓa, wasu a kangayen da masu su ba su kai ga rufawa ba.

Duk da wannan, mutane na ci gaba da fita, kuma ba wauta ba ce ke fitar da su. Wanda ya tashi a gidan gado a cikin Birni, inda sassa biyar ke shiga ta zaure ɗaya, kowane rabon gado ya ƙara tsaga ɗaki, ya san darajar ya rufe ƙofarsa ya san tasa ce. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Zariya mutum sama da dubu 400, Sabon Gari kuma kusa da dubu 300, an kuma yi ta haihuwa tun daga lokacin, ganuwa kuwa ba ta faɗaɗa. A Samaru da kewayen Kongo, inda jami'ar ke da wata haraba, ɗalibai sun sa masu gida sun gane cewa yanka gida ɗaki-ɗaki ya fi ba magidanci riba. Magidanci mai yara shida ina zai sa kansa?

A gefen gari gini a hankali ake yinsa, kuma wannan ita ce babbar rahamarsa. Ba banki, ba kuɗin ruwa. Adashi ya fito a sayi fili. Wata shekarar a buga bulo a jera. A tayar da ɗaki biyu da banɗaki, a rufa kwano, a sa ƙofa, a tare ba filasta, taga ɗaya ma da buhu aka toshe ta. Ko da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, gini tsayawa ya yi, bai rushe ba, ba kuma wanda ya zo ya ce a fita. Daga ranar da aka tare an daina biyan haya har abada. A bayan ɗakin a daɗe ana kiwon kaji da 'yan awaki, filin maƙwabcin da bai gina ba a roƙe shi a shuka masara da kuɓewa, yara su sami inda za su yi gudu. Da yamma iska na kaɗawa ta ko'ina, abin da ɗakin haya a tsakiyar Tudun Wada ba ya samu a watan Afrilu. Maƙwabtaka ma sabuwa ce: malamin jami'a, soja mai ritaya, bakanike, mutumin Kudancin Kaduna, Bayarabe haifaffen Sabon Gari, duk a layi ɗaya, kuma tun da tare suka sayi turken wuta, tare suka cike ramin bakin layi, akwai wata shaƙuwa da ke shiga tsakaninsu wadda ba ta asali ba ce, ta wahalar da aka sha tare ce. Ina ganin ƙimar wannan ƙwarai.

Sai dai wanda ya yanke shawarar ƙaura galibi ba shi ke wuni a unguwar ba. Maigida ya tayar da babur da safe, sai dare. Uwargida ce ke zama da rijiyar da ta ƙafe. A cikin gari tana da sana'arta, ƙuli-ƙuli ko awara ko kitso ko ɗinki, masu saye suna bayan katanga, yaro ya ɗauki faranti ya zaga layi biyu ya dawo da ciniki. A sabuwar unguwa gidaje a warwatse suke, tsakaninsu kangaye da ciyawa, masu sayen ba su taru ba tukuna. Suna da biki da gaisuwar rasuwa da a da take zuwa da ƙafa, yanzu kowanne sai an ba da kuɗin mota, har ta fara zaɓar wanda za ta je, dangi su fara cewa ta yanke zumunci. Naƙuda idan ta tashi ƙarfe biyun dare a watan Agusta, asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko na Wusasa ko na Shika duk sai an nemi mai mota a layi an buga masa ƙofa. Makarantar gwamnati na nesa, sai ta kuɗi da wani ya buɗe a gida mai ɗaki huɗu. Duk namijin da zai kai iyalinsa can ba tare da ya zauna da matarsa sun auna waɗannan ba, ya ɗora mata kaso mafi nauyi na arahar da shi zai yi alfahari da ita.

Akwai kuma waɗanda aka tarar. Basawa da Bomo da Shika ba jiya aka kafa su ba, garuruwa ne masu sarautunsu da tarihinsu. Manomin da ya sayar da gonarsa ya ga kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya yi aure, ya sayi babur, wataƙila ya sauke farali. Bayan shekara biyar kuɗi sun ƙare, gona ta zama gidaje, ɗansa na leburanci a ginin da ake yi inda kakansa ke noma dawa. Kowace fadamar da aka cike aka gina, tumatir da rake da alayyafon da ke shigowa kasuwannin gari sun ragu ke nan. Mai saye bai yi laifi ba, mai sayarwa ma haka, amma garin gaba ɗaya yana asarar abin da ba a sake ƙirƙirarsa.

Idan aka tattara wa ke ci wa ke asara, mai gina nasa kusa da wurin aikinsa shi ya fi kowa riba. Mai gina nasa nesa da aiki yana shan wuya, amma aƙalla wuyar tana tara masa dukiya, domin filin na ƙara daraja. Wanda na fi tausaya wa shi ne ɗan haya. Yana biyan kuɗin mota daidai da mai gida, yana sayen ruwa daidai da shi, idan an buɗe littafi a ƙofar masallaci ba a tambayar wa ke haya, gida-gida ake bi. Ya ba da na taransifoma, ya ba da na kwalbati, ya ba da na sintiri. Ranar da wuta ta zauna, hanya ta gyaru, unguwa ta yi kyau, ranar ce mai gida zai aiko cewa haya ta tashi, domin yanzu wurin ya zama gari. Haka Hanwa da Palladan da Kwangila suka bi, su ma can baya bakin gari ne.

Wannan ba ya buƙatar jiran gwamnati kafin a gyara shi. Kwamitin unguwa na iya raba gudummawa gida biyu: abin da ke ƙarewa a wata, kamar sintiri da kwasar shara, mazaunin gida ya biya, abin da zai dawwama ya ƙara wa gida daraja, kamar turaku da taransifoma da kwalbati, a kan mai gida yake, idan ɗan haya ya biya a cire masa a hayar baɗi, a rubuta a gaban mai unguwa tun ranar karɓar makulli. Kwamitin kuma, tun fili bai yi tsada ba, ya haɗa kuɗi ya kama fuloti uku ko huɗu a ajiye don firamare da ɗakin shan magani da maƙabarta, a yi musu takarda da sunan al'umma. Unguwannin da suka bari sai sun cika kafin su tuna da wannan, yau gawa sai an ɗauke ta a mota zuwa wata unguwa, fili ɗaya da ya rage a tsakiyarsu kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin duk mazauna layin a haɗe.